Birnin da bashi ya ci, amma bai kai taskarsa gwanjo ba

A ranar 18 ga Yulin 2013 birnin Detroit da ke jihar Michigan ta Amurka ya je gaban kotu ya amsa cewa ya kasa biyan bashin da ke kansa. Bashin ya kai dala biliyan 18, kuma kafin ranar ba a taɓa samun birnin Amurka da ya durƙushe da kaya mai nauyin wannan ba. Garin da ya yi suna da motocin Ford da General Motors da Chrysler, wanda a 1950 yake da mutum miliyan 1.8, ya yi ta zaizayewa har ƙidayar 2010 ta same shi da mutum dubu 713 da 'yan kai. Kusan kashi 40 cikin ɗari na fitilun titi ba sa kamawa, gine-gine wajen dubu 78 sun zama kango, wanda ya kira 'yan sanda kuwa yakan yi jiran kusan awa guda. A tsakiyar wannan hali, a bakin titin Woodward, akwai wani farin gini na marmara mai suna Detroit Institute of Arts, gidan adana zane-zane da kayan fasaha, wanda a lokacin ginin da abin da ke cikinsa duk mallakar birnin ne. Masu bin bashi suka ɗaga ido suka ga dukiyar biliyoyin daloli rataye a bango, suka ce a sauke a sayar. Ba a sayar ba. A ganina an yi daidai, kuma dalilan sun fi ƙarfin son hoto ko alfahari da tsohon gini. Sai dai duk wanda zai kare wannan hukunci, wajibi ne ya kalli tsohon ma'aikacin da aka yanke wa fansho ido da ido ya ba shi amsa, domin shi ne ya fi kowa cancantar a yi masa bayani.

Yadda gidan ya zama na birni shi ne asalin rigimar. A 1885 wasu masu hali na garin suka kafa shi a matsayin ƙungiya mai zaman kanta, bayan wani baje kolin zane da aka yi a 1883 ya nuna cewa jama'a na da sha'awar abin. Aka buɗe ginin farko a titin Jefferson a 1888, shekara guda bayan nan James Scripps, mai jaridar Detroit News, ya ba da kyautar tsofaffin zane-zanen Turai da ya tara. Birnin ya riƙa tallafawa da kuɗi har kotun ƙolin jihar ta ce bai halatta a zuba kuɗin jama'a a cikin abin da ba na jama'a ba. Mafitar da aka samu a 1919 ita ce a miƙa gidan gaba ɗaya ga birni, ya koma sashe na hukuma kamar sashen ruwa ko na kashe gobara. Wannan ya sa ya bambanta da yawancin manyan gidajen zane na Amurka, waɗanda ƙungiyoyin amintattu ke riƙe da su. A shekarun 1920, lokacin da kuɗin mota ke kwarara, majalisar birni ta riƙa ware kuɗi daga baitulmali tana sayen zane. A 1922 ta sayi hoton da Vincent van Gogh ya zana na fuskarsa a kan dala 4,200, kuma shi ne aikin wannan mai zane ɗan ƙasar Holan na farko da wani gidan adana kaya na jama'a ya mallaka a Amurka. Bajamushe William Valentiner, wanda ya shugabanci gidan daga 1924 zuwa 1945, shi ya gano zanen rawar biki na Pieter Bruegel na 1566 a Landan, aka saye shi a 1930. Sabon ginin na titin Woodward, wanda Paul Cret ya tsara, an buɗe shi a 1927, kuma rubutun da aka sassaƙa a saman ƙofarsa ya nuna cewa mutanen Detroit ne suka keɓe shi domin sanin fasaha da jin daɗinta.

Yau gidan na da ɗakunan nuni sama da 100 da kayayyaki sama da dubu 65. An ƙara masa sashe a kudu a 1966, wani a arewa a 1971, sannan aka yi masa babban gyara na dala miliyan 158 da aka kammala a 2007. Akwai zauren kallo mai kujeru fiye da dubu, inda ake nuna finafinan ƙasashen duniya tun 1974, akwai ɗakin karatu na masu bincike, da ɗakin da ƙwararru ke gyara zanen da ya tsufa ko ya lalace, da ɗakunan koyar da yara. Mai karatun da ke da ƙyamar hoto da mutum-mutumi saboda addini yana da hujjarsa, kuma ba na neman ya sauya ra'ayi. Amma ya kamata ya san cewa ba su kaɗai ke ciki ba. Akwai sashen fasahar Musulunci, inda ake adana wani Alƙur'ani na ƙarni na 15 da aka rubuta a kan takardar Sin mai launi, akwai darduma da tangaran da aikin ƙarfe, akwai wani yanki na tubalin ƙofar Ishtar ta tsohuwar Babila a Iraki ta yau, akwai kayan sassaƙa na Afirka, da cibiya ta musamman da aka kafa a 2000 domin ayyukan baƙaƙen fatar Amurka. Abin da ya fi komai jan jama'a kuwa shi ne zauren da Diego Rivera, ɗan ƙasar Meziko, ya yi wa zane a jikin bango tsakanin 1932 da 1933. Fage 27 ne, mafi girmansu na leburorin masana'antar Ford ta River Rouge, baƙaƙe da farare, suna narka ƙarfe suna haɗa inji. Edsel Ford ne ya biya kuɗin aikin, kuma shi ya tsaya masa lokacin da wasu malaman coci da 'yan siyasa suka nemi a shafe shi. A wannan zaure jikan lebura yakan tsaya ya ga aikin kakansa an ɗaukaka shi kamar yadda ake ɗaukaka sarakuna a zanen Turai.

To, ga wannan dukiya, ga kuma dubban tsofaffin ma'aikatan birni, masu shara da direbobin bas da akawuna, waɗanda matsakaicin fanshonsu bai wuce dala dubu 19 a shekara ba, kuɗin da a Amurka da ƙyar yake riƙe mutum. Asusun fanshon na da giɓin da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 3.5, kuma shirin farko da Kevyn Orr, kantoman da gwamnan jihar ya naɗa wa birnin, ya gabatar ya yi maganar yanke wa wasunsu kusan kashi ɗaya cikin uku. Hujjar masu cewa a sayar ba ta da wuyar fahimta, kuma ba ta rashin imani ba ce. Zane ba ya jin yunwa, ba ya zuwa asibiti. Idan magidanci ya shiga uku, zoben zinariya yake fara sayarwa kafin ya hana iyalinsa abinci. Kantoman ya ɗauko kamfanin gwanjo na Christie's ya yi wa kayan da aka saya da kuɗin birni kuɗi, wajen guda 2,800, kamfanin ya ce za su yi tsakanin dala miliyan 454 da miliyan 867. Zanen Bruegel shi kaɗai an sa masa miliyan 100 zuwa 200. Wa zai ce wa dattijuwar da ba ta iya sayen magani ta yi haƙuri saboda hoton manoman Turai suna rawa?

Amsa ta farko lissafi ce. Ko da an sami farashi mafi tsada na Christie's, bai kai kashi 5 cikin ɗari na bashin ba. Wani ƙiyasin da aka yi wa taskar gaba ɗaya ya kai dala biliyan 4.6 a sama, amma masu ƙiyasin da kansu sun ce idan aka zuba kayan a kasuwa cikin gaggawa, abin da za a samu zai faɗi ƙasa da rabi. Kowane ɗan kasuwa ya san haka: mai sayar da kaya don matsi ba shi ke yanka farashi ba, kuma idan kaya suka yi yawa a kasuwa rana ɗaya, dillali ne ke cin riba. Ga kuma shari'ar da magadan masu kyauta za su shigar, wadda za ta ci shekaru da kuɗin lauyoyi. Abu mafi muhimmanci, wanda sau da yawa ake mantawa, shi ne cewa kuɗin gwanjon ba na 'yan fansho kaɗai zai zama ba. A shari'ar karayar arziki, masu bin bashi layi suke yi a raba musu. Waɗanda suka fi matsa lamba a sayar su ne kamfanonin inshorar bashi irin su Syncora da FGIC, waɗanda suka tsaya wa wasu takardun lamuni da birnin ya ci a shekarun baya. Da an buga ƙararrawar gwanjo, da zanen ya tafi ɗakin ajiyar wani attajiri, wani kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi ga kamfanonin kuɗi, dattijuwar kuma ta sami abin da ya rage.

Abin da aka yi maimakon haka shi ake kira babbar yarjejeniya, wadda alƙali Gerald Rosen, mai shiga tsakani a shari'ar, ya ƙulla. Gidauniyoyin agaji suka yi alkawarin dala miliyan 366, ciki har da miliyan 125 daga gidauniyar Ford da miliyan 100 daga ta Kresge. Gwamnatin jihar Michigan ta kawo abin da ya yi daidai da miliyan 350. Gidan zanen da kansa ya ɗauki nauyin tara miliyan 100 daga masu taimaka masa. Jimilla dala miliyan 816 cikin shekara 20, bisa sharaɗi biyu: kowace dala ta shiga asusun fansho kawai, taskar kuma ta fita daga hannun birni ta koma hannun amintattu, a riƙe ta domin jama'a, ta zauna a Detroit har abada. Yankan fanshon ma'aikatan gama-gari ya sauko zuwa kashi 4.5 cikin ɗari, tare da soke ƙarin da ake yi musu duk shekara saboda tsadar rayuwa. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana ba a taɓa ainihin fanshonsu ba, an dai rage musu ƙarin. 'Yan fanshon sun kaɗa ƙuri'a sun amince, alƙali Steven Rhodes ya tabbatar da shirin a ranar 7 ga Nuwamban 2014. Wato zanen da aka ƙi sayarwa ya jawo wa 'yan fansho kuɗi kusan daidai da mafi tsadar ƙiyasin Christie's, ba tare da wani mai bin bashi ya sa hannu a ciki ba.

Amma ban so hujjar ta tsaya a kan lissafi, domin wata rana wani birni zai iya samun kansa inda lissafin ya goyi bayan gwanjo. Tushen maganar shi ne ko taskar irin wannan kadara ce ko amana. Mu da muka san wakafi ba ma buƙatar dogon bayani: abin da aka tsayar domin amfanin jama'a ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba ya shiga rabon gado, wanda ke kula da shi kuwa mai tsaro ne, ba mai shi ba. Ba ina cewa hukuncin biyun ɗaya ba ne a shari'a, amma hikimar ɗaya ce, kuma ita ce babban lauyan jihar Michigan, Bill Schuette, ya dogara da ita a watan Yunin 2013 da ya ba da fatawar cewa birnin na riƙe da kayan ne a matsayin amana ta sadaka, don haka ba za a biya bashi da su ba. Mafi yawan abin da ke gidan kyauta ce daga mutanen da suka ba da kayansu bisa fahimtar cewa kowa zai gani. Za a iya cewa, to, waɗanda aka saya da kuɗin baitulmali fa, ai su ba kyautar kowa ba ne. Gaskiya ne, amma kuɗin wa? Harajin leburorin 1922 ne da na 1930, waɗanda wakilansu suka zaɓi su ajiye wa jikoki wani abu maimakon su cinye duka. Manomi yakan shiga yunwa a bazara, ga iri a rumbu, ya ɗaure ciki ya bar shi, domin ya san ranar da ya dafa shi ya cinye daminar da ba ta zo ba tukuna. Bashin Detroit kuwa ba zanen ne ya jawo shi ba. Rufewar masana'antu ne, da ƙaurar masu hali zuwa unguwannin bayan gari, da shekarun rashin iya mulki da cin rance don toshe rance. Sayar da taskar ba zai gyara ko ɗaya daga cikinsu ba.

Akwai misalin abin da ke faruwa idan aka bi ɗaya hanyar, kuma a shekarar da aka tabbatar da yarjejeniyar ne ma ya faru. A watan Yulin 2014 majalisar garin Northampton a Ingila ta kai wani mutum-mutumin Masar na magatakarda Sekhemka, mai shekaru wajen 4,500, gwanjo a Christie's, aka saye shi a kan fam miliyan 15.76. An raba kuɗin da magajin gidan da ya ba da shi tun farko, majalisar ta sa nata kason a faɗaɗa gidan tarihinta, kuma ta faɗaɗa ɗin. Amma hukumar da ke kula da gidajen tarihi a Ingila ta janye wa garin shaidar amincewa, abin da ya toshe masa wasu hanyoyin tallafi, mutum-mutumin kuma ya bar ƙasar zuwa hannun mai sayen da ba a bayyana sunansa ba. Duk mai niyyar ba wa wani gari kyautar abin tarihi ya ga wannan, kuma zai yi tunani sau biyu.

Suka biyu ne nake ganin suna da nauyi har yanzu, kuma ba daidai ba ne a share su. Na farko, gidauniyoyin nan da gwamnatin jiha ba su taso da wannan gaggawa ba lokacin da ake maganar fansho kaɗai. Sai da aka ambaci gwanjon Van Gogh aljihu ya buɗe. A shekarar 2014 ɗin nan ce hukumar ruwa ta yanke wa dubban gidajen talakawan Detroit ruwa saboda bashin da bai taka kara ya karya ba, kuma tallafin kula da lafiya na tsofaffin ma'aikata an zaftare shi ƙwarai. Wannan abin kunya ne ga masu hannu da shuni na Amurka, kuma ya nuna inda zuciyarsu ta fi karkata. Sai dai laifin na masu ba da kuɗin ne, ba na taskar ba, kuma da babu ita da ko wannan miliyan 816 ɗin ba a gani ba. Suka na biyu ya fi zafi. Detroit gari ne da kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanensa baƙaƙe ne, unguwannin da ke kewaye da shi kuma yawancinsu na farare masu hali. A ƙarshen shari'ar, abu mafi daraja da birnin ya mallaka ya fita daga hannun zaɓaɓɓun wakilansa ya koma hannun kwamitin amintattu. Wanda ya ce an karɓe wa talakan Detroit gadonsa cikin ladabi bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Amsar da zan iya bayarwa ita ce mallakar da ke kan takarda ita ce ta kusa jawo asarar kayan, kuma birnin ya daɗe da kasa ɗaukar nauyinsu: a 1975 an rufe gidan na makonni saboda rashin kuɗi, jiha ta karɓi ɗawainiyar sannan ta zaftare tallafinta a 1991, daga 1998 kuma wata ƙungiya mai zaman kanta ce ke gudanar da shi. Ga mai sharar titi, mallaka ta gaskiya ita ce ya iya shiga da 'ya'yansa ba tare da an tambaye shi ko sisi ba.

Nan ne ma nake ganin ainihin abin da ya ceci gidan, kuma ya riga shari'ar da shekara guda. A watan Agustan 2012 aka tambayi mazauna gundumomi uku, Wayne da Oakland da Macomb, ko sun yarda a ɗora musu ɗan ƙarin harajin gida na shekara goma domin gidan zanen, kimanin dala 20 a shekara ga mai gidan da darajarsa ta kai dala dubu 200. Suka yarda, ko da yake a Macomb da ƙyar aka sha. A shekarun farko harajin ya riƙa kawo wajen dala miliyan 23 a shekara, a madadinsa kuma duk mazaunin gundumomin uku yana shiga kyauta, ana ɗauko 'yan makaranta a bas kyauta, ana shirya wa tsofaffi ziyara, ana kafa kwafin zane-zanen a tituna da wuraren shaƙatawa na unguwanni. Da maganar gwanjo ta taso, mahukuntan gundumar Oakland suka yi gargaɗin cewa in aka sayar, harajin ya tsaya. Saboda haka waɗanda suka tsaya wa taskar ba masana fasaha kaɗai ba ne, har da iyayen da 'ya'yansu suka je suka dawo da labari. Gidan da ƙofarsa ke rufe, ko wanda kuɗin shigarsa ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, ba shi da bakin da zai ce shi amanar jama'a ne, kuma da gidan Detroit haka yake da ban kare shi ba. Haƙƙin da ke kan amintattunsa yanzu ya fi na da nauyi, domin 'yan fanshon da aka rage wa kuɗi suna cikin waɗanda suka biya farashin zamansa, kuma duk ranar da aka mayar da shi wurin shaƙatawar masu kuɗi an ci amanarsu.

A 2022 ne ya kamata wa'adin harajin farko ya ƙare, amma ba a jira lokacin ba. A watan Maris na 2020 aka sake kai tambayar gaban masu zaɓe na gundumomin uku, kuma dukansu suka amince a ci gaba da biya na wasu shekaru goma.